Rulo mai daidaita zafi a masana'antar leda da roba

Rulo wani ƙaton ƙarfe ne mai siffar doguwar ganga da ke juyawa cikin injin yin leda da fallayen roba, aikinshi shi murje narkakkar roba ta zama falle, ko shi sanyaya ta ta daskare. Ledar shimfiɗar ɗaki da ake yankawa da mita a Babbar Kasuwar Yamai, da robar nan da ƙwayar magani ke zaune ciki, duk ta bisa irin wannan ƙarfe suka bi. Baƙar ledar cefane kam ba ta ciki, ita hura ta ake kuma iska ke sanyaya ta.

Cikinshi ba toshe yake ba. Bango biyu gare shi, a tsakaninsu akwai hanya mai murɗe-murɗe da ruwa ko mai ke bi, famfo na tura shi ta tiyo shi shiga ta wani haɗi a bakin rulon wanda ba ya yoyo ko da rulon na juyawa, shi zagaye shi fita. In sanyi ake so ruwa ne, in ko zafi mai yawa ake so sai mai, don shi yana wuce digiri 200 bai tafasa ba. Bayan rulon kuma an shafe da kurom, wani ƙarfe mai ƙyalli, an goge har mutum shi ga fuskarshi, ɗan karce guda in ya samu wurin to kowane zagaye sai ya fito bisa ledar.

Robar PVC, irin ta ledar shimfiɗar ɗaki, ana murza ta tsakanin rulo huɗu masu zafi wajen digiri 150 zuwa 200. Tsohuwar dabara ce, tun 1836 wani mai suna Edwin Chaffee ya yi rajistar irin injin a Amurka don shafa roba bisa yadi. Wata robar kuwa da ake kira polipropilen ana zubo ta narke bisa rulo mai sanyi, in ta huce da sauri ta fito garai-garai, in ta daɗe ta yi hazo.

Amma babban aikin dai shi ne zafin shi zama ɗaya daga wannan kai zuwa wancan, in gefe guda ya ɗara sai ledar ta fito nan kauri can siriri, ta lanƙwashe ko ta manne ga ƙarfen. A gari irin Yamai da bazara ke wuce digiri 40 dole sai da injin sanyaya ruwa, in kuran ya ɗauke aiki ya tsaya kenan. Ruwa mai gishiri kuma yana tara farin danƙo cikin hanyoyin a hankali har su toshe, shi ya sa ake tace shi kafin a zuba.