Ba don katako ba ne kwale-kwale yake yawo a kan ruwa

A ƙauyukan bakin kogin Haɗeja, daga Ringim har Guri, za ka ji ana cewa kwale-kwale ba ya nutsewa saboda na katako ne, katako kuwa ba shi da nauyi. Wannan magana ta sa mutane da yawa sun saki jiki.

Jefa allura a bokitin ruwa, nan take za ta kai ƙasa. Ɗora kwanon sha na ƙarfe, wanda ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba, sai ka ga ya zauna daram. Sirrin yana ga zurfin cikinsa. Jirgi yana ture ruwa daidai nauyinsa, ruwan kuma ya tallafe shi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, don haka kowane buhun shinkafa da aka loda, jirgin sai ya ƙara lumewa, bakinsa ya matso kusa da ruwa.

Shi ya sa yaron matuƙi yake duƙe da yankakkiyar jarka yana kwarfar ruwa. Ɗan ruwan da ke shigowa tsakanin katakai ba abin tsoro ba ne, jiƙaƙƙen katako kumbura yake yi ya toshe kafa. Wanda ya daɗe a rana shi ya fi yoyo. Amma in aka bari ruwan ya taru, ga nauyi, ga shi yana gangarawa duk gefen da jirgin ya karkata. Fasinja ɗaya ya miƙe tsaye a firgice ranar kasuwa, sai baki ya ɗebi ruwa, jirgi ya kife.