Waiwaye: Yadda Gawayi Ya Koyi Riƙe Lantarki

Duk wanda fankarsa ta taɓa ƙin tashi a Damagaram cikin zafin Afrilu, har sai an tura ta da sanda, ya san ɗan abin nan da mai gyara kan ciro ya ce, "Alhaji, kondansater ne ya mutu." A Kano kafasito suke ce masa. Aikinsa ya tara wuta ya sake ta nan take. Yana da ƙane da ya fi shi ciki nesa ba kusa ba, sufa-kondansater, wanda a yau ake ta maganarsa wajen ajiyar makamashi.

Asalin zuriyar kwalba ce. Wajen 1745 aka gano a Jamus da birnin Leiden na Holan cewa kwalbar gilashi mai ruwa na iya riƙe lantarki. A 1853 Bajamushe Helmholtz ya bayyana yadda caji ke jeruwa sahu biyu a inda ƙarfe ya haɗu da ruwa mai gishiri. Aka shekara ɗari ba a ci moriyar wannan ba, sai a 1957 wani injiniyan General Electric, Becker, ya yi rajistar na'ura mai amfani da gawayi. Kamfanin mai na SOHIO ya inganta ta a 1966, kamfanin NEC na Japan kuma ya kai ta kasuwa a 1978, don kada kwamfuta ta manta abin da ke cikinta idan wuta ta ɗauke.

Sirrin yana cikin gawayin. Ana gasa shi har ya zama duk ƙananan ramuka, ta yadda giram ɗaya, abin da bai cika ƙaramin cokali ba, ke da fili sama da murabba'in mita 1,000 a cikinsa. A bangon ramukan caji ke maƙalewa, babu wani sinadari da ke narkewa ko canzawa kamar a batir. Shi ya sa yake cika cikin daƙiƙoƙi, kuma ya jure caji sau dubu ɗaruruwa.

Mu da muka san wahalar ruwa ba za mu sha wuyar ganewa ba. Batir tanki ne mai siririn famfo. Wannan kuwa bokiti ne, a cika a juye. Kilo ɗaya nasa bai riƙe ko kashi ɗaya cikin goma na abin da batirin litiyom ke riƙewa, kuma in an ajiye shi yana tsiyaya da kansa. Don haka inda ake son ƙarfi farat ɗaya ya samu gindin zama: motocin bas na Shanghai da tun 2006 ke shan caji a tasha yayin da fasinja ke hawa, ƙofofin gaggawa na jirgin Airbus A380, fukafukan injinan iska. A 2019 Tesla ta sayi Maxwell, ɗaya daga manyan masu ƙera shi.

Tun da Najeriya ta yanke mana wuta a Nijar a Agustan 2023, gidaje da shaguna daga Birni har Zango suka koma ga hasken rana, kuma kowa ya ga yadda zafi ke cinye batir. Abin da ke ƙara gajiyar da shi shi ne fizgar farko, lokacin da firji ko injin jan ruwa ke tashi. A nan nake ganin amfanin wannan na'ura gare mu: ta ɗauki fizgar, batir ya ji da tsawon dare. Wanda ya ce maka ita kaɗai za ta kwana da fankarka, ka tambaye shi awa nawa, ya rubuta maka.

Yawancin gawayin da ɓawon kwakwa ake yinsa. Masu bincike sun gwada ɓawon gyaɗa, ya kuma yi aiki a ɗakin gwaji. Ina fatan ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram su duba wannan, domin ɓawon gyaɗa dai ba sai mun yi odarsa daga waje ba.