Waiwaye: daga tallan sabulu zuwa su Flash, inda finafinan soyayya da na jarumai suka samo jan rai

Ƙorafin da za ka fi ji a bakin masu kallon sizin, ko na soyayya ne ko na jaruman nan masu tashi sama, kusan iri ɗaya ne, wai farkon ya yi daɗi amma daga zango na uku ko na huɗu sai a fara jan rai, abin da za a gama a kashi biyar sai a kai shi ashirin. Kuma gaskiya ne. Sai dai matsalar ba jiya ta fara ba, ba kuma wai marubutan ne ba su iya aikinsu ba, da ita aka haifi wannan salon, kuma in ka duba da kyau inda daɗin yake fitowa nan ita ma take fitowa.

A rediyo abin ya soma, a Amurka. A 1930 wata mata mai suna Irna Phillips, wadda da malamar makaranta ce, ta fara wani wasa na minti 15 kullum a gidan rediyon WGN da ke Shikago, ba komai a ciki sai zancen gida, uwa da 'yarta da wanda za a aura da wanda ba za a aura ba. Kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble suka lura ai matan aure ne ke gida da rana suna aiki suna sauraro, kuma su ne masu sayen sabulun, sai suka shigo da kuɗinsu. To shi mai talla ina ruwansa da labari ya ƙare da kyau, shi dai gobe ma a kunna rediyo. Guiding Light da ita Irna ta ƙirƙira a 1937 ya koma talabijin a 1952, bai tsaya ba sai 2009, shekara 72 kenan, wasu da suka fara saurarensa suna 'yan mata jikokinsu ne suka ga ƙarshensa.

Ɓangaren jarumai ma haka ne, sai dai su yara aka nufa. Superman ya fito a mujallar zane a 1938, ya shiga rediyo a 1940, ya shiga talabijin daga 1952 zuwa 1958, kamfanin Kellogg's mai abincin karin kumallo na biyan kuɗin. Kowane mako mugu ya zo, a kama shi, shikenan, Lois Lane kuma tana nan ba ta gane abokin aikinta Clark Kent mai tabarau shi ne Superman ba.

Inda hanyoyin biyu suka haɗe sosai shi ne 1993, da tashar ABC ta fito da Lois & Clark, wanda soyayyar ce a gaba, dukan mugaye a baya. Akwai dalilin kuɗi a nan ma wanda mutane ba su cika lura da shi ba: nuna mutum yana tashi sama ko yana ɗaga mota tsada gare shi, amma mutum biyu su tsaya a baranda suna "me ya sa ka ɓoye min" ba ya cin komai, don haka har yau in ka ƙirga za ka ga faɗan bai fi 'yan mintuna ba a kashi guda, sauran duk zancen zuciya ne. A farkon 1996 aka yi ta tallan za a ɗaura auren Lois da Clark, mutane suka zauna gaban akwati, ashe wadda aka aura ba Lois ba ce, kwafinta ce da aka ƙera har tana cin kwaɗi, ita kuma ta gasken ta bugu a kai ta manta ko ita wace ce. Wallahi wannan cin amanar 'yan kallo ne, kuma sun nuna fushinsu, ko da aka yi auren gasken a Oktoban shekarar da yawa sun riga sun watse, a 1997 aka rufe shirin. Masu harkar sai suka ɗauki darasin a baibai, suka ce aure ne ke kashe fim.

Amma fa dole a faɗi abin da dogon zango ya iya wanda fim ɗin awa biyu ba zai taɓa iyawa ba. Smallville, labarin tasowar Clark Kent kafin ya zama Superman, ya fara a 2001 ya ƙare a 2011, zango goma, kashi sama da 200, kuma dokar da masu shi suka kafa ita ce Clark ba zai sa rigar Superman ba, sai a kashin ƙarshe ya saka. Shekaru kana kallon yaron nan a gonar mutanen da suka tsince shi suka raine shi, uban na koya masa cewa ƙarfi amana ne. A kashi na 100, a 2006, budurwarsa Lana ta mutu a hatsarin mota, ya roƙa aka mayar masa da ranar baya ya cece ta bayan an gargaɗe shi cewa wani zai tafi a madadinta, sai ga uban nasa Jonathan ya faɗi a tsakar gona zuciya ta buga, yaron da ke iya tare mota da hannu ɗaya yana riƙe da shi ba abin da zai iya yi. Abin da ya sa wurin ya taɓa mutane shi ne shekara biyar suka yi da dattijon nan, sun san muryarsa, sun san faɗansa. Sabo ne jarin wannan salon.

Kuma sabon nan shi ake ci da shi. A wancan lokacin tashoshin Amurka na son kashi 22 ko 23 duk shekara don su cike daga Satumba zuwa Mayu da talla, kuma in shiri ya kai kashi 100 an fi samun sayar da shi ga wasu tashoshin su maimaita. A na jarumai, Arrow ya yi 2012 zuwa 2020, The Flash 2014 zuwa 2023 kashi 184. Dubi zango na uku na Flash, a kashi na 9 jarumin shirin, Barry, ya leƙa gaba ya ga an kashe budurwarsa Iris, aka yi ta jan mutane da wannan har kashi na 22 inda aka soke ta a gabansa, mako na gaba aka ce ai ba ita ba ce, wani ne ya canza kama ya mutu a madadinta. A Arrow an kashe wata jaruma mai suna Sara Lance an binne, bayan shekara aka tono ta aka tsoma a wani ruwa ta tashi. In ka yi wa mutum haka sau biyu sau uku ya daina jin tsoron mutuwar kowa a fim ɗin, kuma da zarar tsoron ya tafi to faɗan ya zama hayaniya kawai.

Indiyawa kam sun ninka su Flash, tunda su kusan kullum ake sa nasu. Kyunki Saas Bhi Kabhi Bahu Thi ya yi kashi sama da 1,800 tsakanin 2000 da 2008, kuma a 2001 da suka kashe mijin jarumar mutane suka tada ƙayar baya sai da aka dawo da shi, wai dama bai mutu ba mantuwa ce ta same shi. Duk mai kallon Zee World ya san sauran zancen, uwar miji, kishiya, mari ɗaya a nuna shi sau uku da kiɗa. Abin da ya fi damuna a na soyayyar ma ba tsawon ba ne, yadda ake nuna namiji mai kuɗi yana wulaƙanta yarinya, yana mata tsawa, yana hana ta fita, sai a ƙarshe a ce ai so ne ya yi masa yawa, kuma 'yan mata masu shekara sha biyar na zaune suna ɗauka. Duk da haka ba zan yarda da masu cewa shirme ne gaba ɗaya ba, don wannan salon ne ya fara ɗaukar damuwar mace a cikin gida a matsayin abin da ya isa a ba shi lokaci kullum.

Koriyawa sun bi wata hanyar, kashi 16 ko 20 su rufe, Winter Sonata na 2002 kashi 20 ne, kana farawa ka san akwai ƙarshe. Netflix da Disney+ ma sun rage, Daredevil kashi 13 a 2015, WandaVision kashi 9 a 2021, sai dai wani lokacin kafin ka saba da mutanen an gama, sai ka jira shekara biyu.

Wanda ya ƙaryata darasin 1997 kuwa Superman & Lois ne, 2021 zuwa 2024. Da aurensu aka fara, ga tagwaye samari masu taurin kai, a zango na uku Lois ta kamu da sankarar mama, mijin da ke jin kukan mutum daga wata ƙasa sai zaman jinya a asibiti. Ba a buƙaci raba su ba, zaman auren kansa ya ishi labari.

Wannan ne nake so masu yi mana namu su duba. Tun da Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, sannan shekarar 2020 ta zo da Labarina da Izzar So, harkar ta koma dogon zango kusan gaba ɗaya, kuma YouTube da yawan kallo yake biya, wato matsin da ke kan Irna Phillips a 1930 shi ne a kan furodusan Kano yau. An riga an fara ganin hatsarin mota a daren biki da mantuwa da wasiƙar da ba ta isa ba, alhali rikicin gado, zaman gidan haya, miji ya tafi ci-rani shekara biyu ba aike, duk suna nan ba a ko taɓa rabinsu ba.