Tsohuwar mota a Damagaram: tambayoyi kan ƙafafun baya da giya otomatik

Peugeot 504, wadda ta fito a 1968, da Mercedes W123 ta 1976 zuwa 1986 ba su ƙare a titunan Damagaram ba. Ga wasu tambayoyin da masu su ke yawan kawowa bakin gareji.

Bayan motata ya zauna. Amortisa zan canja?

Ba lallai ba. Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota, amortisa kuwa hana ta rawa yake yi bayan ta faɗa rami. In baya ya sauka, sifirin ya gaji. Danna bayan motar da ƙarfi ka saki. In ta ci gaba da yin sama da ƙasa, ko ka ga mai na tsatsa a jikin amortisa, to shi ma ya mutu. A canja hagu da dama tare.

Ka san irin motarka kafin ka je saye. Ƙaramar 504 ta asali kowace ƙafar baya da hannunta, familiyal, wato doguwar ta iyali, gatari ɗaya gare ta da sifirin huɗu, akori-kura kuma falle-fallen ƙarfe ne a ƙarƙashinta. Doguwar W123 mai ƙofar baya da matsin mai take daidaita tsayinta, don haka in ta zauna a fara duba man da bututunsa. Wanda ke mata lodin buhunan gero har rufi a hanyar Tanout kuwa, ko sabon sifirin ba zai daɗe masa ba.

Ƙara nake ji a baya in na hau gargada.

Galibi robobi ne. Rana da yashi na busar da su, su tsattsage, ƙarfe ya riƙa bugun ƙarfe. A Mercedes a duba har da faifan robar da ke haɗa kardan, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi ƙafafun baya, da giya.

Wane mai ake zuba wa giyar, kuma yaushe?

Nan ne aka fi yin ɓarna. Giyar kamfanin ZF mai hawa uku ta 504 da mai hawa huɗu ta W123 jan mai irin Dexron suke sha, ba man inji ba, ba kuma man giyar hannu mai kauri ba. Ana auna shi inji na aiki, ya yi zafi, mota a fili mai daidai, giya a P. Cikawa fiye da kima na sa shi kumfa, giya ta riƙa zamewa. Mercedes ta tsara canji a kilomita 60,000 tare da matatar man giyar, amma a garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, a ganina jiran wannan adadi ganganci ne. Zafi ke fara kashe mai, sannan faifan ciki su bi.

Ɗiga shi a farar takarda. Ja garau, lafiya lau. Baƙi mai warin ƙuna, faifai sun fara ci. In ya yi fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwan lagireto ya shiga ta bututun sanyaya mai. A kashe motar nan take.

In ta mutu a hanyar Magaria, a ja ta da igiya?

Inji a kashe, babban famfon mai ba ya juyawa, giyar 504 na tafiya a bushe, ta W123 kuwa ƙaramin famfon baya kaɗai ke ba ta mai. In tafiyar da nisa, a kwance kardan ko a ɗora ta a babbar mota.

Kayan hannu ko sabo?

Ƙarfe kamar hannun ƙafa ko gatari, na hannu daga Ƙofar Ruwa ta Kano ya wadatar in bai lanƙwashe ba. Roba, matatar mai da amortisa kuwa sabo za a saya. Ka tafi da tsohon a hannu, ka kuma kwafi lambar da ke jikin giyar, don W123 ba iri ɗaya aka sa mata ba tsawon shekarun ƙera ta.