Yadda naitirojin ke sulalewa daga iskar duniyoyi zuwa sararin samaniya

Naitirojin shi ne kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da ke lulluɓe da duniyarmu. Ƙwayoyinsa na zarra suna tafiya biyu-biyu a manne, kuma nauyin tagwayen ya ninka na tagwayen haidirojin sau 14, shi ya sa zafi kaɗai ba ya iya cilla su waje. Duk abin da zai kuɓuce wa janyowar duniyarmu sai gudunsa ya kai kilomita 11.2 a daƙiƙa guda. Saboda haka naitirojinmu yana kewayawa ne tsakanin iska da ƙasa, kamar yadda saiwar gyaɗa ke ɗaure shi a gonakin Jazira da ke ƙasar Sudan, daga baya ya koma sama.

A duniyar Mas, wadda Larabawa ke kira Mirrik, lamarin ya bambanta, domin gudun kilomita 5 a daƙiƙa ya isa fita. A can ƙololuwar iskarta, hasken rana mai ƙarfi yana fizge lantarki daga tagwayen naitirojin, kuma idan lantarkin ya sake haɗuwa da su sai su tsage gida biyu da ƙarfi, har ƙwaya ɗaya ta samu gudun da zai fitar da ita har abada. Ga kuma guguwar ƙwayoyin da rana ke fesowa, wadda ke yagar iskar Mas tun da ta rasa garkuwar maganaɗisunta kimanin shekaru biliyan 4 da suka wuce. Kumbon MAVEN na hukumar NASA ya isa can a 2014 domin auna irin wannan asara.

Hujjar da ta fi gamsarwa ita ce ta nauyi. Naitirojin iri biyu ne, mai nauyin 14 da mai nauyin 15, kuma marar nauyin ya fi saurin tserewa, sai mai nauyin ya taru a baya. A 1976 kumbunan Viking sun tarar cewa rabon mai nauyin 15 a Mas ya zarce na duniyarmu da fiye da rabi, alamar cewa an yi asara mai yawa. Yau naitirojin bai kai kashi 3 cikin ɗari na siririyar iskar Mas ba.

Sanyi kuwa yana riƙe shi: Taitan, watan duniyar Zuhal (Saturn), ya fi Mas ƙanƙanta, amma iskarsa mai kauri kusan duka naitirojin ce.