Sayen littafin zane ba ya ba ka izinin sayar da sassaƙa

A cikin 'yan'uwanmu masassaƙa da masu kai kaya kasuwar Lekki a Legas, an daɗe ana cewa in ka sayi littafin zane da kuɗinka, duk abin da ka sassaƙa daga ciki naka ne ka sayar. Wasu kuma suna cewa in ka ɗan sauya kunne ko wutsiya, shi ke nan. Da zuciya ɗaya ake faɗa, amma ba haka doka take ba.

Takardar ka saya, haƙƙin zanen yana hannun mai shi. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, kariyar zane tana nan har shekara 70 bayan rasuwar wanda ya zana, ko da bai yi rajista ba. Mayar da zanen takarda zuwa icce kwaikwayo ne, kuma babu wani kason canji da doka ta ce ya wadatar.

Abin da ba a mallaka shi ne tunani. Kowa yana iya sassaƙa raƙumin dawa ko giwa. Wanda aka kare shi ne wannan raƙumin dawan da wani ya zauna ya tsara, da tsayuwarsa da lanƙwasar wuyansa.

Duba ko littafin ya ba da izinin sayarwa ba wuya. Buɗe shafukan farko, ka nemi inda alamar haƙƙin mallaka © take. Wasu littattafan sun ce don amfanin kai kawai, wasu sun yarda a sayar da kaɗan. In ba a ce komai ba, a rubuta wa mawallafin, a ajiye amsarsa.

Don Allah a tura wa masassaƙan da aka sani, musamman masu tallata kaya a intanet.