Waiwaye: yashe tabkunan Adar da makomar kifinsu

Duk shekarar da ruwan tabkin Tabalak, a jihar Tawa ta Nijar, ya ja baya da wuri, kiran da ake ji daga masunta da masu lambun albasa ɗaya ne: a kawo katafila a yashe shi. Kiran yana da hujja, amma yashin da ake son kwashewa ya daɗe yana zuwa.

Tun farin shekarun 1970 da na 1984 tuddan Adar suka rasa itatuwa da ciyawar da ke riƙe ƙasa. Ruwan sama ya koma gangarowa da gudu, ƙoramu suna kwaso yashi da laka su zube a kwari. Wannan ne ya sa a 1984 aka buɗe furojen Keita da kuɗin Italiya da hannun hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, inda mutanen karkara, akasari mata, suka yi ta jera duwatsu, suna haƙa ramukan tare ruwa da dasa itace a kan tudu. A Yamai ma an ga irin wannan: kogin Kwara ya tsaya cak a 1985, daga baya hukumar raya kogin, mai mazauni a birnin, ta yi shirin yaƙi da cikewar yashi wanda ya fi ba da ƙarfi ga kafe tudun rairayi da farfaɗo da ƙasa.

A 2005 aka sa tabkunan Tabalak da Ɗan Dutsi cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar ta kare irin waɗannan wurare, wadda Nijar ta shiga a 1987. Ke nan ba masu ban ruwa kaɗai ke da haƙƙi a kansu ba, har da kifi da tsuntsayen da ke sauka lokacin sanyi. Galibin kifin ma zuba shi aka yi: karfasa, tarwaɗa, giwan ruwa. Jari ne aka sa a ruwa, kuma da shi ake ciyar da gidaje.

A nan ne yasa take da haɗari. Idan bokitin katafila ya shiga ruwa, baƙar lakar da ta shekara da shekaru a kwance sai ta tashi. Tana toshe wa kifi hanyar shaƙa, ruɓaɓɓen ganyen da ke cikinta kuma ya shanye iskar ruwan. Da asuba ake ganin abin, kifi ya taso sama yana buɗe baki. Tarwaɗa takan sha da ƙyar, don tana shaƙar iskar sarari. Giwan ruwa, wanda ya fi kowa kuɗi a kasuwa, shi ke fara juya ciki. Karfasa kuwa namijinta ke share ɗan gurbi kamar akushi a ruwa mara zurfi, can ake zuba ƙwai, kuma laka kaɗan ta isa ta binne shi. Ruwan da aka dama ba ya tsayawa wurin aikin, yana bin gangare zuwa sauran tabkin da kududdufan ƙasa, ya iske masuntan da ba a ko tambaye su ba.

To sai a bari sai rani, in ji wasu. Haka ya fi, amma ko busasshiyar laka ba fanko ba ce: gaiwa na kwance a cikinta tana jiran damina.

A ganina abin da ya fi kashe kifi shi ne gaggawa da wurin zuba lakar. A yi aikin yanki-yanki bayan ruwa ya janye, a raba wurin haƙa da sauran ruwan da shingen ƙasa, a bar gaɓar ciyawa inda tarwaɗa ke hayayyafa da ruwan farko. Ɗan kwangilar da ya tara lakar a bakin tabki don ya rage kuɗin gazuwal, hadarin Yuli zai mayar da ita inda aka kwaso ta. Nijar na da dokar kamun kifi da dokar 2018 kan binciken illar ayyuka ga muhalli, sai dai sarkin ruwa da mutanensa su ne suka san ramin da kifi ke fakewa a watan Afrilu, kuma sau da yawa sai injin ya iso ake neman su.